Dokar da ke kare tsofaffin gine-ginen filayen jirgin sama a Amurka

A filin jirgin sama na John F. Kennedy da ke New York akwai gine-gine biyu da aka buɗe kusan lokaci guda, amma makomarsu ta bambanta. Tashar kamfanin Pan Am ta 1960, mai rufi kamar faifai, an fara rushe ta a 2013. Tashar kamfanin TWA kuwa, wadda Eero Saarinen ya zana aka buɗe a 1962, tana nan tsaye har yau. Wanda yake son sanin dalili sai ya duba dokoki biyu da Shugaba Lyndon Johnson ya sanya wa hannu a watan Oktoba na 1966.

Ta farko ita ce Dokar Adana Kayan Tarihi ta Ƙasa, wadda ta kafa rajistar wuraren tarihi. Sashe na 106 na dokar ya ce duk wata hukumar tarayya da za ta ba da kuɗi ko izini ga wani aiki, wajibi ne ta fara auna illar da aikin zai yi wa ginin da ke cikin rajistar, ko wanda ya cancanci shiga. A filayen jirgin sama wannan nauyi yana kan hukumar sufurin jiragen sama ta tarayya, wato FAA, domin da yawa daga cikin manyan sauye-sauyen da ake yi wa tsarin fili suna buƙatar amincewarta. Dole ta tuntuɓi jami'in adana tarihi na jiha, ta saurari jama'a, sannan a nemi hanyar kauce wa ɓarnar ko rage ta, abin da sau da yawa yake ƙarewa da yarjejeniya a rubuce.

A nan ne mutane da yawa suke yin kuskure. Sashe na 106 bai haramta rushewa ba. Abin da ya tilasta shi ne shawara kafin a yanke hukunci. Wanda ya fi shi ƙarfi shi ne sashe na 4(f) na doka ta biyu, wato dokar da ta kafa Ma'aikatar Sufuri, wanda ya hana amincewa da aikin sufuri da zai ci wurin tarihi sai idan babu wata mafita mai yiwuwa kuma mai ma'ana, kuma an yi iya ƙoƙari wajen rage illa. Sai dai kariyar duka biyun ta rataya ne ga cancanta. An yi wa tashar Pan Am ƙare-ƙare da gyare-gyare da yawa, har aka yanke cewa ta rasa kamanninta na asali, don haka dokar ba ta tsaya mata ba, duk da koken masu kishin tarihi.

Tashar TWA ta samu kariya daga hukumar adana gine-gine ta birnin New York tun 1994, ciki da waje, ta kuma shiga rajistar ƙasa a 2005. Duk da haka, bayan an rufe ta a 2001 ta yi shekaru da dama a kulle, kuma a ganina wannan ne babban giɓin waɗannan dokoki: suna farkawa idan an zo da shirin aiki, amma ba sa tilasta wa mai gini ya toshe yoyon rufi ko ya gyara bangon da ya tsage, alhali sakaci yana cin gini a hankali kamar gara. Abin da ya ceci tashar shi ne samun sabon amfani. An gina sabuwar tashar kamfanin jiragen sama na JetBlue a bayanta a 2008, bayan an rushe wasu sassanta na waje, sannan a 2019 aka buɗe ta a matsayin zauren otal mai ɗakuna 512. Gwamnatin tarayya tana ƙarfafa irin wannan gyara da rangwamen haraji na kashi 20 cikin 100 na kuɗin da aka kashe, muddin ginin yana cikin rajista, yana kawo kuɗin shiga, kuma an bi ƙa'idojin gyara na Ma'aikatar Cikin Gida.