Waiwaye: Yadda zanen gwaji ya tashi daga kayan aiki ya koma abin tinƙaho a Faransa

Wanda ya shiga gidajen tarihi na Faransa zai riƙa cin karo da wasu ƙananan zane-zane na fentin mai, waɗanda da gani ka san ba a gama su ba. Fuskokin mutanen ɗigo ne kawai, gajimare kuwa shafa biyu ce ta buroshi. Yau an saka su a firam mai ruwan zinariya, amma waɗanda suka yi su ba don kallon jama'a suka yi ba. Zanen gwaji ne, wato samfurin babban aikin da ke tafe.

Tushen maganar yana komawa ga 1648, shekarar da aka kafa Makarantar Zane da Sassaƙa ta Sarki a Paris. Makarantar ta jera zane daraja-daraja, ta ɗora zanen labari a sama da kowa: tarihi, addini, da almarar Girkawa da Romawa. Zanen furanni da kayan marmari shi ne kurar baya. Sarakuna da fadawa sun rungumi almarar saboda tana yi musu kirari a fakaice. Louis na 14 ya ɗauki rana a matsayin tambarinsa, don haka duk inda aka zana Apollo, allahn rana a almarar, bisa keken dawakinsa, kowa ya san wa ake nufi.

To, irin wannan aiki ba ƙaramin kuɗi yake ci ba. Rufin zaure guda kan ɗauki shekaru, ga kuɗin katakon hawa, ga na fenti, ga ladan yaran shago. Babu mai ba da kwangila da zai sa hannu a kan abin da bai gani ba, kamar yadda ba ka ba tela shadda mai tsada sai ya nuna maka irin ɗinkin. Sai mai zane ya yi ƙaramin hoto, wani lokaci da toka-toka kawai don a ga inda haske zai faɗa, wani lokaci da cikakken launi, a kai wa mai gida ya duba, ya ce a ƙara nan, a rage can.

Faransawa ba su suka ƙirƙiro dabarar ba. Italiyawa sun riga su, kuma wanda ya fi kowa nuna musu amfaninta shi ne Rubens, mutumin Flanders, da ya zana wa Marie de Médicis, uwar sarkin Faransa, manyan hotuna 24 tsakanin 1622 da 1625, inda ya cakuɗa rayuwarta da allolin almara. Ƙananan samfuran da ya yi a kan allon katako suna nan a Munich da Saint Petersburg. Daga baya, a shekarun 1670, gardama ta ɓarke a makarantar tsakanin masu cewa layi ne ƙashin bayan zane da masu cewa launi ne. Da masu launi suka yi rinjaye, kasuwar zanen gwaji na fenti ta buɗe, domin alƙalami da alli ba sa nuna yadda ja zai zauna kusa da shuɗi.

Ƙarni na 18 ne lokacin da abin ya bunƙasa. François Lemoyne ya gabatar da samfurinsa kafin a bar shi ya hau rufin Zauren Hercule a fadar Versailles, aikin da ya ci daga 1733 zuwa 1736, da siffofi 142 a ciki. An naɗa shi babban mai zanen sarki, amma a shekarar da ta biyo ya kashe kansa. François Boucher ma ya bar samfura na hotonsa na 1757, inda Vulcan, maƙerin allolin almara, ke miƙa wa allahiya Venus makaman ɗanta Aeneas, hoton da aka yi domin masaƙar Gobelins ta mayar da shi dardumar bango.

Labarin Antoine Coypel ne ya fi jan hankalina. A farkon shekarun 1700 ya zana taron alloli a rufin wata doguwar barandar fadar Palais-Royal a Paris, bisa labarin Aeneas, jarumin almarar Romawa. Kafin ƙarnin ya ƙare an rushe barandar, rufin ya tafi da ita. Ƙaramin samfurin da ke gidan tarihi na Angers shi ne yau yake nuna launin da aikin yake da shi.

A nan ne kuma ra'ayi ya fara juyawa. Masu tara kayan fasaha suka soma sayen samfuran don kansu. Marubuci Denis Diderot, a sharhinsa na baje kolin zane na 1767, ya tambaya me ya sa zanen gwaji mai kyau yake fin gamammen hoto daɗin kallo, ya amsa da cewa rai ya fi yawa a cikinsa. Yana da gaskiya, ko da yake ba kullum ba. Akwai samfuran da kyansu na gaggawa ne kawai, kuma rashin gamawa yana rufa asirin mai raunin hannu.

Makarantar kanta ta mayar da abin jarrabawa. A gasar Prix de Rome, wadda ake tura gwarzonta karatu Roma, a da akan kulle ɗalibi a ɗaki ya fitar da tsarin hotonsa cikin yini guda, sannan ya shafe makonni yana babban aikin ba tare da ya kauce wa tsarin farko ba. A 1816 aka ƙara gasa ta musamman ta zanen gwaji na fenti.

Eugène Delacroix ya gaji wannan tarbiyya. Da aka ba shi tsakiyar rufin Barandar Apollo a gidan tarihi na Louvre a 1850, gurbin da Charles Le Brun, mai zanen Louis na 14, ya bari babu zane kusan shekara 200, sai da ya gwada faɗan Apollo da macijin Python a ƙananan yadi kafin ya kammala a 1851. Ɗaya daga cikin samfuran yana Brussels, wani kuma yana Amsterdam.