Yaƙin Basasar Amurka: Wa Ke da Ikon Hana Alƙali Tambayar Dalilin Tsare Mutum?

Akwai wata doka da Amurkawa suka gada daga Ingila, wadda lauyoyi ke kira da sunanta na Latin, habeas corpus. Abin da ta ƙunsa mai sauƙi ne: idan hukuma ta tsare mutum, alƙali na iya ba da umarnin a kawo shi gabansa, wanda ya tsare shi kuma ya faɗi dalili. Idan babu hujja a doka, a sake shi. Ba shari'ar laifin ake yi ba, tsarewar ce kawai ake dubawa. Ita ce ke hana mutum ya ruɓe a kurkuku ba wanda ya tambaya.

Kundin tsarin mulkin Amurka, a Babi na 1 sashe na 9, ya ce ba za a dakatar da wannan haƙƙi ba sai an yi tawaye ko mamaya, kuma tsaron jama'a ya wajabta. To amma bai faɗi wanda zai dakatar ba, shugaban ƙasa ko majalisa. Wannan shiru shi ya haifar da rigima a 1861.

An fara yaƙin basasa ranar 12 ga Afrilu, tsakanin gwamnatin tarayya da jihohin Kudu da suka yi tawaye suka ɓalle. Mako guda bayan haka, ranar 19, mutanen birnin Baltimo na jihar Meriland suka far wa sojojin da ke kan hanyarsu ta zuwa kare Washinton, aka ƙona gadojin jirgin ƙasa. Babban birnin ya kusa zama tsibiri, ga majalisa kuma ba ta zama. Ranar 27 ga Afrilu sai Shugaba Abraham Lincoln ya ba Janar Winfield Scott izinin dakatar da dokar a kan hanyar da sojoji ke bi tsakanin Filadelfiya da Washinton.

Ba a jima ba aka gwada wannan izini. Ranar 25 ga Mayu sojoji suka kama John Merryman a jihar Meriland, aka kulle shi a sansanin McHenry bisa zargin taimaka wa 'yan tawaye. Alƙalin Alƙalai Roger Taney ya ce a kawo shi. Kwamandan sansanin ya ƙi, ɗan aiken kotu ma ba a bar shi ya wuce ƙofa ba. Taney ya rubuta hukunci cewa majalisa kaɗai ke da wannan iko, tunda sashen yana cikin babin da ya yi magana a kan majalisa. Lincoln bai bi ba. Da majalisa ta zauna ranar 4 ga Yuli, ya kare kansa da tambaya: shin a bar duk sauran dokoki su tashi banza, gwamnatin kanta ta ruguje, don gudun taka guda ɗaya?

Ni dai ina ganin a wancan Afrilu yana da uzuri. Wuta ta kama, masu alhakin yanke shawara ba sa gari, yankin da abin ya shafa kuma ƙarami ne. Inda nake da ja shi ne abin da ya biyo baya. Ranar 24 ga Satumba 1862 ya faɗaɗa umarnin zuwa ƙasar baki ɗaya, har ya haɗa da masu hana mutane shiga soja, ya kuma ce kotun soja ce za ta yi musu shari'a. Nan fa magana ta tashi daga mai ƙona gada ta kai ga mai jawabi a bainar jama'a da mai rubutu a jarida. Wannan ba ƙaramin tsalle ba ne.

Sai ranar 3 ga Maris 1863 majalisa ta yi doka ta ba shugaban ƙasa ikon a fili, amma da sharaɗi: a miƙa wa alƙalan tarayya sunayen waɗanda ke tsare, wanda kuma ba a tuhume shi ba har zaman masu tantance tuhuma ya ƙare, a sake shi bayan ya yi rantsuwar biyayya ga ƙasa.

Iyakar da ta fi ƙarfi ta zo ne bayan an ajiye bindiga. Kotun soja ta yanke wa Lambdin Milligan, farar hula daga Indiyana, hukuncin rataya. A 1866 Kotun Ƙoli ta soke, ta ce ba a kai farar hula kotun soja a inda kotunan farar hula ke buɗe suna aiki, ko da ana yaƙi. Wanda ya rubuta hukuncin, David Davis, aminin Lincoln ne, kuma Lincoln ne ya naɗa shi. Shi kuwa Merryman, tun a Yulin 1861 aka ba da belinsa bayan an tuhume shi da cin amanar ƙasa, kuma ba a taɓa yi masa shari'ar ba.