WWVB, tashar rediyon da ba ta faɗin komai sai lokaci

Wai wace irin tasha ce wannan?

Tana kusa da Fort Collins a jihar Colorado ta Amurka, NIST, hukumar ma'aunai da fasaha ta ƙasar, ce ke kula da ita, ta fara aiki a 1963. Ba kiɗa ba labarai ba muryar kowa, aikinta kawai ta riƙa tura siginar lokaci a dogon zango, kan kilohaz 60, daga agogunan atom masu aiki da sinadarin sisiyam. Agogon bango da na hannu masu saita kansu da kansu a Amurka, ita suke saurare.

To ya take faɗin lokacin ba murya?

A farkon kowace daƙiƙa sai ta rage ƙarfin siginar. In ragin ya ɗau daƙiƙa 0.2 sifili kenan, in 0.5 ne ɗaya kenan, a haka cikin minti guda agogo ya tattara minti da awa da rana da shekara.

Me ya sa ake ta yi mata gyara?

Saboda siginar na isa gabashin ƙasar a raunane, ga nisa ga hayaniyar kayan lantarki a gidaje, shi ya sa yawancin agogunan sai da dare suke kamawa lokacin da zangon ke tafiya nesa. An ɗaga ƙarfinta zuwa kilowat 50 a 1999, daga baya ta kai 70. Amma ni gyaran da ya fi burge ni na 2012 ne, da aka ƙara hanya ta biyu ta aika lokacin, wato juya zubin igiyar siginar, wadda sababbin risiba ke iya tsintowa ko da hayaniya ta yi yawa.

Tsofaffin agogunan fa, sun tashi aiki kenan?

A'a, kuma nan ne gwanintar take wallahi. An bar tsohon tsarin yadda yake, aka ɗora sabon a kansa, miliyoyin agogo suka ci gaba da aiki masu su ba su ma san an taɓa komai ba. Waɗanda abin ya shafa su ne wasu na'urorin ɗakin gwaji masu bin zubin igiyar don auna saurin kaɗawar sigina.

Amurka ce kaɗai ke da irinta?

Jamus na da DCF77 kusa da Frankfurt, Japan na da JJY, Ingila kuma MSF, wadda aka ɗauke daga Rugby aka mayar Anthorn a 2007.