Alhakin Manyan Kamfanoni a Kan Al'umma

Alhakin kamfani a kan al'umma shi ne nauyin da ya rataya a wuyansa na kula da abin da harkokinsa ke jawo wa ma'aikatansa, da masu sayen kayansa, da manoman da ke sayar masa da amfanin gona, da garuruwan da ya kafa masana'anta a kusa da su, har da ƙasa da ruwa da iskar da kowa ke da haƙƙi a cikinsu. Ɗa'ar kasuwanci kuwa ita ce tsayawa a kan gaskiya da amana da adalci wajen neman riba, ko da doka ba ta tilasta ba, ko da babu mai gani. A bakin jama'a ma'anar ta ƙuntace ta koma kyauta kawai, wato rijiyar burtsatse, ko ajujuwa biyu, ko buhunan shinkafa da ake rabawa da azumi. Kyauta tana cikin batun, amma ita ce mafi ƙanƙantar ɓangarensa, domin babban ma'auni shi ne hanyar da aka bi aka samo ribar tun farko.

Tushen tunanin

Wannan magana ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Alƙur'ani mai girma ya yi kashedi mai tsanani ga masu tauye mudu a Suratul Muɗaffifin, kuma hadisi ya inganta cewa Manzon Allah (SAW) ya cusa hannunsa cikin tsibin abinci a kasuwa ya taras da ƙasansa jiƙaƙƙe, sai ya ce wanda ya yi algus ba ya cikinmu. Shari'a ta hana ɓoye abinci don ya yi tsada, ta wajabta zakka kashi 2.5 cikin ɗari a dukiyar ciniki, ta kuma buɗe ƙofar waƙafi ga mai son ya bar rijiya ko makaranta a bayansa. A kasuwannin karkara irin su Gujungu da Maigatari, sarkin kasuwa da shugabannin 'yan awo su ne ke tsawatarwa idan an bubbuge gindin kwano ko an zuba yashi a cikin riɗi.

Sai dai duk wannan tsari an gina shi ne a kan mutum sananne. Attajirin gari ana sallah da shi, an san gidan da ya fito, kuma idan ya ci amanar manomi labari zai riga shi isa masallaci. Babban kamfani ba haka yake ba. Masu hannun jarinsa suna Legas ko Landan, manajan da ke wurin ma'aikaci ne da za a iya sauya shi gobe, kuma hukuncin da zai taɓa gonar mutumin ƙauye ana yanke shi ne a ɗakin taron da mai gonar ba zai taɓa shiga ba. Wannan rata tsakanin mai yanke hukunci da wanda hukuncin ya faɗa wa ita ce ta haifar da fannin a matsayin ilimi mai zaman kansa.

A Amurka, masanin tattalin arziki Howard Bowen ya wallafa littafi a 1953 wanda ake ɗauka a matsayin mafarin nazarin zamani a kan batun. A 1970 Milton Friedman ya yi masa kishiya a wata maƙala da ta shahara, inda ya ce aikin kamfani shi ne ƙara riba matuƙar yana bin doka kuma ba ya yaudara, kuma manajan da ke rabon kuɗin kamfani da sunan taimako yana kyauta ne da dukiyar da ba tasa ba. Edward Freeman ya kawo ra'ayin masu ruwa da tsaki a 1984, cewa duk wanda harkar kamfani ke shafa yana da haƙƙin a saurare shi. A 1991 Archie Carroll ya jera nauyin hawa huɗu kamar dala: samun riba a ƙasa, sai bin doka, sai ɗa'a, sannan kyauta a can ƙoli. Yana da kyau a lura cewa ko Friedman, wanda ake yawan kafa hujja da shi, bai halatta yaudara ba.

Abubuwan da suka tilasta sauyi

Musibu ne suka fi littattafai tura batun gaba. A watan Disamba na 1984 iskar guba ta tsiyaye daga masana'antar maganin ƙwari ta Union Carbide a birnin Bhopal na Indiya, ta kashe dubban mutane, akasarinsu talakawan da ke kwance a unguwannin da ke jikin masana'antar. A Najeriya, rikicin gurɓatar ƙasar Ogoni da ɗanyen mai ya kai ga rataye marubuci ɗan fafutukar Ogoni, Ken Saro-Wiwa, da mutum takwas ranar 10 ga Nuwamba 1995 a ƙarƙashin mulkin soja, kuma rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya tabbatar da girman ɓarnar. A 2013 ginin Rana Plaza ya rufta a Bangladesh a kan maɗinka tufafin da ake kai wa manyan kantunan Turai da Amurka, mutum sama da 1,100 suka rasu.

Kano tana da nata darasin. A lokacin annobar sanƙarau ta 1996, kamfanin Pfizer ya gwada wani magani mai suna Trovan a asibitin masu cututtuka masu yaɗuwa na Kano. Yara kusan 200 aka sa a gwajin, rabi aka ba su sabon maganin, rabi kuma wani maganin da aka saba da shi, kuma 11 daga cikinsu suka rasu. Iyaye sun ce ba a bayyana musu cewa gwaji ake yi ba, kamfanin kuwa ya musanta aikata laifi, ya ce cutar ce ta yi kisan. Bayan doguwar shari'a aka sasanta da gwamnatin Jihar Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Abin da kuɗi ba su biya ba shi ne yardar da ta zube, domin labarin yana cikin abubuwan da mutane suka riƙa ambatawa lokacin da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano tsakanin 2003 da 2004. An ɗauki shekaru, da sa bakin sarakuna da malamai, da tallafin gidauniyoyi irin ta Ɗangote da ta Bill da Melinda Gates, kafin a ayyana Afirka a matsayin wadda ta rabu da ƙwayar cutar shan inna ta daji a 2020.

Ƙa'idoji da dokoki

Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙaddamar da wata yarjejeniya ta sa-kai ga kamfanoni a 2000, bisa shawarar babban sakatarenta na lokacin, Kofi Annan, mai ƙa'idoji goma a yau kan haƙƙin ɗan Adam da ƙwadago da muhalli da yaƙi da cin hanci. A 2011 ta amince da ƙa'idojin da wakilinta na musamman John Ruggie ya tsara, masu ginshiƙi uku: gwamnati ta kare haƙƙi, kamfani ya mutunta shi, wanda aka cuta kuma ya sami hanyar neman gyara. Indiya ta wuce nan, domin dokar kamfanoninta ta 2013 ta wajabta wa manyan kamfanoni kashe kashi 2 cikin ɗari na matsakaiciyar ribarsu ta shekara uku a ayyukan al'umma.

Najeriya ba ta da doka gama-gari irin ta Indiya, sai dai ɓangare-ɓangare. Dokar auna illar ayyuka ga muhalli ta 1992 ta ce a binciki illar babban aiki kafin a fara shi. Dokar ma'adinai ta 2007 ta wajabta wa mai haƙar ma'adini ƙulla yarjejeniyar raya gari da al'ummar wurin. Dokar man fetur ta 2021 ta sa kamfanonin haƙar mai zuba kashi 3 cikin ɗari na kuɗin gudanarwarsu na shekarar da ta gabata a asusun garuruwan da suke aiki. Kamfanonin casar shinkafa da sarrafa tumatir da sayen riɗi da zoɓo, waɗanda su ne mutumin karkarar Kano da Jigawa ke hulɗa da su, ba su da irin wannan tilas, don haka kusan komai ya dogara ga ɗa'arsu da ƙarfin muryar manoma.

A karkarar Kano da Jigawa

Batu na farko shi ne ruwa. Masana'antun jima da na yadi a Sharaɗa da Chalawa sun daɗe suna da magudanan da ke ƙarewa a Kogin Chalawa, na Bompai kuma suna bi ta rafin Getsi zuwa Jakara da madatsar Wasai. Jimar zamani tana amfani da sinadarin kuromiyom, wanda ke zama a laka da ƙasar noma idan ba a tace ruwan ba. Chalawa yana haɗuwa da Kogin Kano, ruwan ya ratsa Wudil ya gangara Ringim da Haɗeja, ma'ana mai lambu da masunci da makiyayin da ke can ƙasa suna ɗaukar kuɗin tace ruwan da wani ya ƙi kashewa a birni. Kamfanin da ya gina wurin tace ruwansa ya kuma bar shi yana aiki dare da rana ya sauke nauyin da ya fi rijiyoyi goma, ko da yake ba a yanka ƙyallen buɗewa a kansa.

Na biyu shi ne ƙasa. Dokar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, ta kuma ba shi ikon karɓe fili don amfanin jama'a, diyya kuma ana lissafa ta ne a kan abin da ke bisa filin, kamar shuka da itatuwa da gini. Saboda haka kamfani zai iya samun dubban kadada bisa doka, alhali manomin da ya gaji gonar kaka da kakanni ya tashi da kuɗin da ba za su saya masa wata ba. Taƙaddamar da ta taso a yankin Gagarawa kan ware filaye don noman rake ta nuna yadda lamarin ke da zafi. Nan ne doka da ɗa'a ke rabuwa a fili. Ɗa'a tana buƙatar a zauna da masu gonakin su kansu, ba hakimi da dagaci kaɗai ba, a kuma tuna da waɗanda ba su da takarda amma rayuwarsu na kan filin: mai aron gona, da Bafulatanin da burtalinsa ya ratsa ta nan, da matan da ke tsintar kalwa da kaɗanya.

Na uku, kuma wanda ya fi shiga rayuwar yau da kullum, shi ne noman kwangila. Kamfani yana ba manomi iri da taki da maganin feshi bashi, da sharaɗin ya sayar masa da amfanin a kaka. Tsarin yana da alheri na gaske, domin yana kawo jari da tabbacin kasuwa ga wanda banki ba zai kalla ba, kuma kamfanin Ɗangote ya fara irinsa da manoman shinkafa a Haɗeja a 2016. A shekarar ce kuma masana'antarsa ta tumatir a Kadawa ta buɗe, ta tsaya cikin 'yan watanni bayan tsutsar tumatir ta cinye gonaki, abin da ya nuna cewa injin biliyoyin naira ba shi da amfani idan manomi bai girbe ba. Amma amanar tsarin tana bayyana ne a bakin sikeli. Manomi ya kawo shanshera buhu ashirin a kan kurar shanu, ma'aikaci ya soka na'urar auna danshi a buhu ɗaya, ya karanta lambar shi kaɗai, ya ce za a zabge kilo kaza a kowane buhu. Idan ba a rubuta tun kafin shuka yawan danshin da aka yarda da shi ba, kuma ba a juyo da fuskar na'urar manomi ya gani ba, to mudun zamani ne ake iya tauyewa ba tare da an taɓa shi ba. Haka jinkirin biya, wanda ke jefa mai gona hannun 'yan ba da bashi da ruwa. Manoma ma suna da nasu alhakin, domin karkatar da amfani zuwa kasuwa idan farashi ya tashi, bayan an ci takin kamfani, yana cikin abubuwan da ke rusa tsarin.

Ayyukan kyauta da matsalarsu

Rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana ita ce kyautar da aka fi gani a ƙauyuka, kuma ba abin rainawa ba ce ga yarinyar da take tafiya mai nisa da jarka kafin ta je makaranta. Matsalar ita ce yawanci ana kashe kuɗi a kan ginawa da allon sanarwa da bikin buɗewa, ba a ware komai don gyara ba. Idan famfon ya ƙone bayan damina biyu, tankin ya tsaya a bushe, allon mai ɗauke da sunan kamfani yana nan daram, rahoton shekara kuma ya riga ya ƙidaya garin cikin waɗanda suka sami ruwa. Masu sukar fannin suna kiran irin wannan da wanke suna, musamman idan kamfanin da ya bayar shi ne ke ɓata rafin garin.

Ayyukan da suka ɗore suna da kamanni ɗaya. Ana tambayar mutanen gari abin da suke buƙata kafin a zo da injin haƙa, kuma ana jin ta bakin mata a zamansu daban, tunda su ne suka san inda ruwa ke wahala. Ana kafa kwamitin kula da mai unguwa ya sani, a koya wa wani matashi na garin gyaran famfo, a amince da ɗan abin da kowane gida zai riƙa bayarwa a kaka don sayen kayan gyara. Ana kuma rubuta yarjejeniyar da Hausa, a karanta ta a bainar jama'a a ƙofar dagaci, a bar kwafi a garin tare da sunan ofishin da za a kai ƙorafi da adadin kwanakin da za a jira amsa.