Wa ke tsara gari kafin a yanka filaye? Fashin baƙin doka ga mutanen Katsina

A gefen birnin Katsina, ta hanyar Dutsinma da Jibiya da Kaita, gonar da aka noma gero bara bana bulo ne a jibge cikinta. Yawancin masu saye ba sa tambayar ko wurin yana cikin tsarin gari, alhali wannan tsarin ne zai nuna ko gidansu zai tsaya ko jan fenti zai hau katangarsa.

Tushen maganar Dokar Amfani da Ƙasa ce ta 1978. Ta damƙa ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana, ta kuma raba iko gida biyu. Duk yankin da gwamna ya ayyana a matsayin birni, shi ke da iko da shi. Sauran kuwa na ƙaramar hukuma ne, wadda za ta iya ba da izinin mallaka na gargajiya, amma kada ya wuce hekta 500 don noma ko 5,000 don kiwo sai da yardar gwamna. Nan mutane ke ruɗewa. Ƙauye yana iya zama a Batagarawa a taswirar mulki, amma ya riga ya faɗa cikin da'irar birni, takardar ƙaramar hukuma kuma ba za ta wadatar a wurin ba. Sa hannun mai unguwa ko dagaci shaida ce kan ciniki, ba izinin gini ba ne.

Dokar tarayya ta tsara birane da yankuna ta 1992 ita ta tanadi cewa kowace ƙaramar hukuma ta sami hukumar tsare-tsarenta, ta shirya tsarin gari, na karkara, na unguwa, da na wani lamari guda kamar magudanan ruwa. A 2003 Kotun Ƙoli, a ƙarar da Legas ta shigar, ta ce tsara gari hurumin jihohi ne. Shi ya sa a Katsina nauyin manyan garuruwa ya fi hawa kan hukumar tsara birane ta jiha, duk da cewa tsarin mulkin 1999 ya bar wa ƙananan hukumomi kasuwanni, tashoshin mota, maƙabartu, mayanka da kwalbatoci.

Aikin kansa da awo yake farawa. Masu safiyo da masana tsara gari su ɗauki taswirar abin da ke ƙasa: tudu, kwari, hanyar ruwa, kududdufai, burtali, gonaki, layin wuta. Sai a ƙiyasta yawan jama'a nan da shekara 15 ko 20. Wannan mataki yana da rauni, domin ƙidayar ƙarshe ta 2006 ce, duk lissafin da aka ɗora a kanta hasashe ne. Daga adadin mutane ake fitar da yawan azuzuwa, asibitoci, ruwan sha da faɗin tituna, sannan a kasa ƙasa: nan gidaje, nan kasuwa, can masana'antu, can kuma ba a taɓawa. Daura misali ce a fili, inda layin dogon Kano zuwa Maraɗi da jami'ar sufuri za su ja gari zuwa inda da daji ne.

Idan daftari ya kammala, doka ta ce a baje shi jama'a su gani, mai ƙorafi ya kawo a rubuce, a duba kafin a amince. A ganinmu wannan ne matakin da aka fi zalunta. Sanarwa a jaridar Turanci ba ta isa ga manomi ko makiyayi. Kamata ya yi a yi shela a rediyo da Hausa, a kai taswirar ƙofar hakimi, a nuna wa kowa inda titi zai ratsa. Manomin da bai yi magana a lokacin ba, abin da ya rage masa diyya ce, ita kuma doka a kan amfanin gona da gini take biyanta, ba a kan darajar ƙasar ba. Ana kuma so a sake bitar tsarin duk shekara 5.

Inda abin ke lalacewa shi ne awon igiya. Mai gona ya kira dillali, a ja igiya a fitar da fulotai masu faɗin ƙafa 50 da tsawon ƙafa 100, a bar lungun da mota biyu ba za su gifta ba, ba filin makaranta, ba maƙabarta, ba kwata. A cike kududdufi da shara a sayar, ruwan da yake tarewa ya nufi ɗakunan mutane. Ambaliyar Jibiya ta Yulin 2018, da ta ci rayuka masu yawa, ta nuna abin da ruwa ke yi wa gidajen bakin rafi. Toshe burtali kuwa rigimar manomi da makiyayi yake haifarwa tun kafin kaka ta zo.

Kafin ka biya, ka nemi lambar taswirar rabon fulotan da hukuma ta amince da ita, ka je ofis da kanka a nuna maka fulotin a taswira da abin da aka ware shi dominsa. Sannan ka karɓi izinin gini a rubuce kafin a haƙa harsashi.