Murmurewa bayan cire babban hanji saboda gyambon hanji

Murmurewa bayan cire babban hanji ita ce lokacin da jiki ke ɗauka yana warkewa, yana kuma sabawa da rashin babban hanji, bayan an yi wa mutum aiki saboda gyambon babban hanji. Wannan ciwo shi ne likitocin Nijar ke rubutawa RCH a takardun majinyata, wato taƙaitaccen sunansa na Faransanci. Kumburi ne da miki a fatar cikin hanji, yana farawa daga dubura ya haura sama, yana kawo zawo da jini da majina da murɗar ciki. Ya yi kama da atini sosai, har mutum kan daɗe yana shan maganin atini kafin a gano ainihin abin da ke damunsa. Ana kaiwa ga aiki idan magani ya gaza, ko hanjin ya kumbura yana shirin fashewa, ko ya huje, ko jini ya ƙi tsayawa, ko aka ga alamun kansa. Ɗinki kan warke cikin mako 6 zuwa 8, ƙarfin jiki kan dawo cikin wata 3 zuwa 6, hanji kuwa yakan kai shekara yana daidaituwa.

Tarihi

Ana danganta bayanin farko na ciwon ga Samuel Wilks, likita a Landan, a 1859, duk da cewa wasu na ganin majinyaciyar da ya bayyana wani ciwon hanjin ne daban ya kama ta. Wajen 1913 John Young Brown na Amurka ya fara fito da ƙarshen ƙaramin hanji ta bangon ciki don babban hanji ya huta. Wannan kafa ita ake kira sitoma. Ta wancan zamani azaba ce: bayan hanjin na nan a fili, ya kumbura, ya tsuke, ruwa ya yi ta zuba yana cin fata, mutane da yawa kuma suka mutu saboda rashin ruwa da gishiri.

A 1952 Bryan Brooke na Birmingham a Ingila ya sauya lamarin da ƙaramar dabara. Ya naɗo bakin hanjin waje kamar yadda ake naɗe hannun riga, ya ɗinke shi da fata, sai ya zama fatar ciki ce ke fuskantar waje. Har yau haka ake yi. A 1954 wata ma'aikaciyar jinya a Danmak, Elise Sørensen, ta ƙirƙiro jakar tara abin da ke fita daga sitoma, wadda ake mannawa a fata a yar bayan amfani, saboda ƴar'uwarta da aka yi wa sitoma. A 1955 Truelove da Witts na Oxford suka nuna cewa kotizon, maganin rage kumburi, na rage mace-macen masu ciwon. Nils Kock na Suwidin ya kawo aljihun cikin ciki, wanda ake yi da ƙaramin hanji don tara bayan gida, ake kuma zuƙewa da bututu, a 1969. A 1978 Alan Parks da John Nicholls na asibitin St Mark's a Landan suka haɗa aljihun ƙaramin hanji da dubura, a 1980 kuma Utsunomiya na Japan ya sauƙaƙa shi zuwa siffar harafin J, wanda shi ne ya yaɗu. Tsarin tayar da majinyaci da ba shi abinci da wuri ya fito ne daga aikin Henrik Kehlet na Danmak a shekarun 1990.

Ire-iren aikin

A aikin gaggawa ana cire babban hanji, a bar kututturen dubura a rufe, a yi sitoma a dama ƙasa da cibiya. Akwai wanda ake cire duka har da dubura, sitoma ta zama ta dindindin. Na uku shi ne aljihun J, wanda ake yi mataki biyu ko uku. A asibitocin Nijar, har da babban asibitin ƙasa na Zinder, yawancin sitomar ƙaramin hanji ana yin ta ne saboda hujewar hanji ta taifot, kuma kulawar duk iri ɗaya ce.

Kwanakin asibiti

Wanda aka yi wa aiki da kyamara ta ƙananan huda kan kwana 3 zuwa 7. Wanda aka buɗe wa ciki cikin gaggawa kan kai kwana 10 ko fiye, musamman idan ya zo a rame, jininsa ya yi ƙasa, ya kuma daɗe a kan kotizon. Tun washegari ake zaunar da shi, a sa shi takawa, domin kwanciya na jawo ciwon huhu da daskarewar jini a ƙafa. Masu wannan ciwo jininsu na saurin daskarewa fiye da sauran majinyata, shi ya sa ake yi musu allurar enoksafarin, yawanci miligiram 40 a rana, wasu likitoci kuma kan ci gaba da ita har kwana 28.

Hanji kan yi sanyi, wato ya daina motsi, na ƴan kwanaki. Idan ciki ya kumbura ana amai, sai a dakatar da abinci, a sa bututu ta hanci, a ci gaba da ƙarin ruwa. Abin da ya fi tsoratar da likitoci shi ne ɗinkin ciki ya yoye ko mugunya ta taru a ƙugu. Alamarsa zazzaɓi sama da digiri 38, bugun zuciya da sauri, da ciwon cikin da ke ƙaruwa maimakon raguwa. A yankin da zazzaɓin cizon sauro ya yi yawa ana saurin ɗora masa laifi, kuma wannan kuskure ne mai tsada: ko gwaji ya nuna shi, dole a duba ciki. Kotizon ba a yanke shi rana ɗaya, a hankali ake rage shi, in ba haka ba hawan jini ya faɗi ƙasa warwas.

Ruwa da gishiri

Babban hanji, mai tsawon kusan mita ɗaya da rabi, aikinsa tsotse ruwa da gishiri. Kimanin lita ɗaya da rabi ke shiga cikinsa kullum, abin da ke fita bai wuce mililita 100 zuwa 200 ba. Da an cire shi, wannan ruwa waje yake fita. A makonnin farko sitoma kan zubar da lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, daga baya ƙaramin hanji ya koyi tsotsewa, ta sauko zuwa mililita 500 zuwa 800. Rashin ruwa na cikin manyan dalilan da ke mayar da majinyaci asibiti a watan farko, kuma a Damagaram, inda zafin Afrilu da Mayu ke wuce digiri 40, gumi na ƙara kwashe abin da ya rage.

Alamomin su ne ƙishi, jiri idan an miƙe, murɗewar naman ƙafa, kasala, da fitsari kaɗan mai duhu. Ana son fitsarin yini ya kai kusan lita ɗaya. A gida ana auna abin da sitoma ta fitar da wani gwangwani ko gorar roba da aka yi wa alama, a rubuta a takarda kullum, aƙalla na makonnin farko.

Idan abin da ke fita ya wuce lita ɗaya da rabi a yini, zallan ruwa ba ya gyara, ƙara ɓata yake yi. Ruwan da ba gishiri yana janyo gishirin jiki zuwa cikin hanji su fita tare, haka ma shayi da zoɓo da lemun kwalba. Sai a rage su zuwa rabin lita ko lita ɗaya, a maye da ruwan gishiri da sukari ana kurɓa a hankali duk yini. Fakitin SRO, wato garin gishiri da sukari na mayar da ruwan jiki, da ake samu a farmasi da cibiyoyin lafiya na CSI ana zuba shi ne a lita ɗaya daidai, wato ledar ruwa ta rabin lita guda biyu. Haɗin St Mark's ya fi shi gishiri: giram 20 na gulukos, giram 3.5 na gishiri, giram 2.5 na bikarbonat a lita ɗaya. Kanwa ba ta maye gurbin bikarbonat, ƙarfinta ba ɗaya ba ne kuma tana sa zawo. Likita kan ƙara lofiramid, maganin rage zawo, miligiram 2 zuwa 4, minti 30 kafin cin abinci. Ibufurofen da dikulofenak, waɗanda ake saye a tebur ba takarda, suna lalata ƙodar da ta riga ta bushe. Maganin wankin ciki, na asibiti ko na gargajiya, ba na mai sitoma ba ne. Rashin ruwa na dogon lokaci shi ke kawo tsakuwar ƙoda.

Kula da sitoma

Sitoma mai lafiya ja ce, da danshi, ba ta jin zafi, kuma ɗan jini idan an goge ba komai ba ne. Idan ta yi duhu ko baƙi, a tafi asibiti nan take. Takan kumbura da farko, ta ragu cikin mako 6 zuwa 8, don haka ana sake auna ta kowane mako, a yanka ramin jakar ya fi ta da milimita 2 zuwa 3 kawai. Rami mai faɗi na barin ruwan hanji a kan fata, ruwan kuwa na ɗauke da sinadaran narka abinci, cikin yini ɗaya sai ya saɓule ta.

Ana zubar da jaka idan ta kai kashi ɗaya cikin uku, a sauya ta duk kwana 2 zuwa 4, ko nan take idan ta fara yoyo ko ƙaiƙayi. Da safe kafin karin kumallo ya fi, lokacin hanji ya lafa. A wanke da ruwan ɗumi kawai, a bushe sarai, a aske gashi, a manna daga ƙasa zuwa sama, a dafe da tafin hannu kamar minti ɗaya. Man kaɗanya da basilin na hana manni kamawa. Zafi na narkar da shi, don haka ba a ajiye jakunkuna a ɗakin kwano ko cikin mota. Ba kowace farmasi ke da su ba, iyalai kan aika Yamai ko Kano, kuma gara a yi oda tun saura na mako biyu. Inda dole ta sa aka koma ga leda da filasta, man zinki a kewayen sitoma na rage cin fata.

Abinci

A mako 6 zuwa 8 na farko ana cin kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida, a tauna sosai. Farar shinkafa, taliya, burodi, dankali, ayaba da tuwon garin da aka tankaɗe da kyau na sa bayan gida ya yi kauri. Ƙwai, kifi da nama mai laushi na taimaka wa ɗinki. Masu toshe sitoma su ne aya, goruba, gyaɗa, gasasshiyar masara, zaren mangwaro, ɓawon wake, kilishi, ɗanyen kabeji da kwaɗon zogale ko rama. Daga baya ana dawo da su ɗaya bayan ɗaya, ƴan kaɗan. Idan sitoma ta tsaya, ciki na murɗa, a bar abinci, a sha abu mai ɗumi, a kwanta a ja gwiwa zuwa ƙirji, a shafa ciki. In aka fara amai ko aka yi awa shida ba abin da ya fita, sai asibiti.

Aljihun J

Ana naɗe santimita 30 zuwa 40 na ƙarshen ƙaramin hanji gida biyu, a haɗa da dubura, a bar sitomar wucin gadi ta kare ɗinkin. Bayan mako 8 zuwa 12, idan hoto ya nuna ba yoyo, sai a rufe ta. Da farko mutum kan zagaya sau 10 ko fiye, fatar dubura ta yi zafi, a hankali ya sauko zuwa sau 4 zuwa 8, har da ɗaya cikin dare. Kusan rabin masu aljihun kan yi fama da kumburinsa ko sau ɗaya ne, ana ba su sifurofuloksasin ko metironidazol na mako biyu. Kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari kan koma sitoma ta dindindin. Ko aljihu ya fi sitoma, har yanzu ana muhawara. Wanda ke nesa da likitan fiɗa yakan fi samun sauƙi da sitoma.

Aiki, ibada da iyali

Ba a ɗaukar kaya mai nauyi har mako 6 zuwa 8, ga masu aikin ƙarfi har wata uku. Jan guga, ɗaukar jarkar ruwa, daka da noma duk suna ciki, domin suna jawo ƙaba a gefen sitoma. Ana iya salla a zaune har ɗinki ya yi ƙwari. Malamai sun saɓa kan hukuncin alwalar mai sitoma, yawancin fatawoyin zamani na sa shi cikin masu uzuri. Likitoci ba sa son azumi a watannin farko, ko kuma duk lokacin da sitoma ke zuba da yawa. Aikin da ya taɓa ƙugu na rage wa mata saurin ɗaukar ciki saboda mannewar bututun mahaifa, shi ya sa wasu kan jinkirta aljihun J har su gama haihuwa. Ga maza, raunin gaba na faruwa amma ba kasafai ba.

Bibiya

Wanda aka bar wa kututturen dubura zai riƙa ganin majina na fita, kuma ana leƙa shi da kyamara lokaci-lokaci saboda kansa. Ciwon bututun hanta da ke tafiya tare da gyambon hanji ba ya warkewa da cire hanjin, ana ci gaba da gwajin jini.