Waiwaye: Tun Yaushe Gumi Da Albashi Suka Raba Gari?

Ana saura mako biyu ƙaramar Sallar da ta wuce na kai yadi shagon kawuna a Aboabo, nan Kumasi. Ya haura shekara arba'in yana ɗinki. Ina yaro na sha ganinsa zaune a kan tabarma da allura da zare, wuyan riga guda ya cinye masa mako biyu ko uku. Yanzu kuwa sai ya yanka, ya haɗa, ya aiki yaron shago Asawase wurin wani mai injin kwamfuta, kafin la'asar an dawo da wuyan a gama, zane tsaf kamar an buga hatimi. Na ce, "Kawu, ai yanzu kun huta." Bai ɗago daga kan keken ba ya ce, "Ɗana, hannu ne ya huta. Da ina fitar da riga kaɗan in ɗauko buhun shinkafa. Yau rigunan sun ninka, amma da olonka ake auno mana."

Abin da Kawu ya faɗa cikin numfashi ɗaya shi ne masana tattalin arziki suka kwashe shekaru suna zana wa layuka biyu. Na farko shi ne amfanin gumi, wato darajar abin da ma'aikaci ke fitarwa a sa'a guda. Na biyu nauyin albashi a kasuwa: ba lambar da aka rubuta a takarda ba, a'a, kwano nawa na masara kuɗin zai auno bayan an cire tsadar kaya. A littafin makaranta ana cewa layukan nan tare suke hawa. Tarihi bai cika yarda ba.

Tun farkon zamanin injuna aka fara ganin haka. Masanin tarihin tattalin arziki Robert Allen ya lissafa cewa a Ingila, tsakanin 1780 da 1840, abin da kowane ma'aikaci ke fitarwa ya ƙaru da kashi 46 cikin ɗari, amma nauyin albashi da kashi 12 kacal ya ƙaru. Shekara sittin ke nan, an haifi mutum ya tsufa a masaƙar Manchester, kura da shan bugu gardi da kwashe kuɗi. Sai bayan 1840 albashi ya taso ya kamo, a daidai zamanin da dokokin masana'antu suka fara tsayawa da ƙafa, ƙungiyoyin ƙwadago kuma suka fara samun baki.

Labarin Henry Ford ma ana yawan bayar da shi kamar na karimci ne. A 1913 ya kafa layin haɗa mota mai tafiya, lokacin haɗa mota guda ya sauko daga sa'a goma sha biyu zuwa kamar sa'a ɗaya da rabi. Amma aikin ya yi wa mutane zafi har suka riƙa gudu: a shekarar sai da ya ɗauki mutum fiye da 50,000 don ya riƙe ma'aikata wajen 14,000. Da ya ga haka ne, a Janairun 1914, ya mayar da kuɗin yini dala biyar, ninki biyu na abin da aka saba. Ba tausayi ba ne, ƙafafun ma'aikata ne suka yi ciniki.

Zamanin da layukan biyu suka yi tafiya kafaɗa da kafaɗa gajere ne, kuma a 'yan ƙasashe aka gan shi. A Amurka, daga 1948 zuwa 1973, amfanin gumi da ladan ma'aikaci kowanne ya kusa ninkawa. Ba daga sama abin ya faɗo ba. A 1948 kamfanin General Motors da ƙungiyar ma'aikatan mota suka sa hannu a yarjejeniyar da ta ce albashi zai bi tsadar kaya, kuma kowace shekara za a ƙara wani abu saboda bunƙasar aiki. A lokacin, wajen mutum ɗaya cikin uku na ma'aikatan ƙasar ɗan ƙungiya ne. Yau ɗaya cikin goma ne.

Daga 1973 hanya ta rabu. Farashin mai ya yi tashin gwauron zabi, tsadar kaya ta biyo baya, gwamnatoci suka juya wa ƙungiyoyi baya. A 1981 Ronald Reagan ya kori masu kula da zirga-zirgar jiragen sama fiye da 11,000 da suka shiga yajin aiki. A Birtaniya, Margaret Thatcher ta karya lagon masu haƙar kwal a yajin 1984 zuwa 1985. Masana'antu suka fara ƙaura zuwa inda hannu ke da araha, musamman bayan Sin ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a Disambar 2001. Mafi ƙarancin albashi na gwamnatin tarayyar Amurka yana nan a dala 7.25 a sa'a tun 2009. Masana suna gardama a kan faɗin ratar, wasu na cewa in an haɗa da inshorar lafiya da fansho ba ta kai yadda ake zuzutawa ba, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma ko su ba su ce babu ita ba.

Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, mai mazauni a Geneva, ta fara fitar da rahoton albashin duniya a 2008. Na 2024 ya nuna cewa a ƙasashe masu arziki, daga 1999 zuwa 2024, amfanin gumi ya ƙaru da kashi 29, albashi kuwa da kashi 15. Wani abin lura a rahotannin shi ne in aka cire Sin daga lissafi, ƙaruwar albashin duniya sai ta ragu sosai, domin can ne ma'aikata suka fi ganin canji a wannan ƙarnin. A rabin farko na 2022 nauyin albashin duniya ya ragu da kashi 0.9, karo na farko da aka ga haka tun shigowar ƙarnin. Ya farfaɗo da kashi 1.8 a 2023.

Kashi 0.9. Duk wanda ya yi cefane a Kejetia a 2022 zai karanta wannan adadi ya yi murmushin takaici.

Namu tarihin daban yake, kuma ni a ganina kuskure ne a ɗauko hoton Amurka a manna wa Gana. A can rigimar ita ce tuwo ya ƙaru amma rabo bai ƙaru ba. A nan sau da yawa kafin a kai ga rabon, kuɗin da za a raba da shi ya narke. A shekarar 1948 ɗin nan da General Motors ke sa hannu a Detroit, a Accra ƙauracewa kantunan Turawa ake yi. Nii Kwabena Bonne III ne ya jagoranta tun daga Janairu, saboda tsadar kayan da ake shigowa da su. Ranar 28 ga Fabrairu aka harbe tsofaffin sojoji uku, Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Odartey Lamptey, a hanyarsu ta kai kuka fadar gwamnan Turawa da ke Osu a kan haƙƙinsu da aka riƙe. Yunƙurin neman 'yanci da kansa daga farashi da fansho ya samo wuta. Bayan 'yancin ma, a Satumbar 1961, ma'aikatan jirgin ƙasa da na tashar ruwa a Sekondi-Takoradi, waɗanda suka tsaya wa Kwame Nkrumah a 1950, su ne suka yi masa yaji a kan kasafin da ya tilasta yanke kashi biyar na albashi a matsayin ajiya.

Mafi munin shekaru su ne daga tsakiyar 1970 zuwa 1983. Tsadar kaya ta haura kashi 100 a 1977 da 1981, ta kai wajen 123 a 1983. Zamanin kalabule ke nan, lokacin da sabulu da madarar gwangwani sai mai hanya. A wannan karon layukan biyu tare suka faɗi. Koko, na gona nake nufi ba na karin kumallo ba, ya sauko daga fiye da tan 500,000 a kakar 1964/65 zuwa ƙasa da 200,000 a 1983/84. Masana'antu suka tsaya saboda babu kuɗin waje na sayo kayan gyara. Malaman makaranta suka ajiye alli suka nufi Legas, har unguwar Agege ta can ta zama karin magana a bakin 'yan Gana. A farkon 1983 Nijeriya ta koro su, wajen mutum miliyan ɗaya, suka dawo suka tarar da fari da gobarar daji. Mutanen zango sun san ɗacin irin wannan kora, don a 1969 gwamnatin Busia ta yi wa iyayen wasunmu ita. Tsofaffinmu har yau suna tuna yadda ƙashin wuya ya fito wa mutane saboda yunwa, aka sa masa suna sarƙar Rawlings, shugaban ƙasa na lokacin.

A Afrilun 1983 aka rungumi shirin gyara na Asusun Lamuni na Duniya da Bankin Duniya. Kaya sun dawo kasuwa, wannan gaskiya ne. Amma an sallami dubban ma'aikatan gwamnati da na hukumar koko, an buɗe ƙofa ga kayan waje, masaƙun da ke ɗaukar mutum wajen 25,000 a 1977 suka koma 'yan dubbai kaɗan. Ina mutanen suka tafi? Suka shiga kasuwa, suka shiga tuƙin trotro, suka kafa tebur a bakin titi. A Koriya da Sin manomi ya bar gona ya shiga masana'anta, inda sa'arsa guda ta fi ta gona daraja sau da yawa. Namu ya bar gona ya zo yana tallan ruwan leda a Roman Hill.

A nan ne lissafin matsakaici ke yaudarar mutum. Da aka fara haƙo mai a rijiyar Jubilee a Disambar 2010, tattalin arzikin Gana ya ƙaru da wajen kashi 14 a 2011. Raba wannan da yawan ma'aikata, sai ka ga amfanin gumin ɗan Gana ya yi tsalle. To, gumin wa? Jirgin haƙar mai da ramin zinariya na Obuasi dukiya suke fitarwa mai yawa da hannaye kaɗan. Yarinyar da ta zo daga arewa tana ɗaukar kaya a ka cikin Kejetia, kwanon nan dai shi ne, wuyan nan dai shi ne.

Gwamnati ta yi nata ƙoƙarin a ɓangaren da take iko da shi. Dokar ƙwadago ta 2003 ta ba kwamitin ɓangarori uku, gwamnati da masu ɗaukar ma'aikata da ƙungiyoyin ƙwadago, aikin yanke mafi ƙarancin kuɗin yini. A 2010 aka fara tsarin albashi na bai ɗaya ga ma'aikatan gwamnati, da alkawarin za a ɗaure ƙarin albashi da ƙwazon aiki. 'Yan sanda da malamai sun ga ƙari, amma cikin shekara biyu zuwa uku albashi ya cinye fiye da rabin kuɗin haraji, a 2015 aka koma wurin Asusun Lamuni. Maganar ƙwazon kuwa har yanzu a jawabin ranar ma'aikata aka fi jin ta.

Ga lissafi mai sauƙi. A 2007, shekarar da aka yanke wa sidi sifiri huɗu, kuɗin yini sidi 1.90 ne, sabon sidi kuwa kusan kai ɗaya yake da dala, wato wajen dala biyu. A 2024 kuɗin yini ya kai sidi 18.15, ya kusa ninkawa sau goma a takarda, amma da dala ta kai sidi 15, bai wuce dala ɗaya da 'yan kai ba. Shekarar 2022 ta fi nuna abin tsirara. A Disamba tsadar kaya ta kai kashi 54.1. Kuɗin yini kuwa daga sidi 13.53 aka ɗaga shi zuwa 14.88 a 2023, ƙarin kashi 10. Abin sidi 100 ya koma 154, mai karɓar 100 ya koma karɓar 110: kusan kashi uku cikin goma na cefanensa ya tafi ba tare da kowa ya taɓa takardar albashinsa ba. Ma'aikatan gwamnati, da yake suna da baki, malamai suka shiga yaji a Yulin 2022, aka ba da alawus na tsadar rayuwa kashi 15, sannan ƙarin kashi 30 a 2023.

Mu fa? Wajen mutum takwas cikin goma na masu aiki a Gana ba su da takardar albashi, a zango kuwa sai ka zagaya layi guda ba ka samu uku ba. Mahauci a mayanka, mai waakye, mai tuƙa pragya da ke kai wa mai keke kuɗin yini kafin ya ga nasa, yaron makaniki a Suame da mastansa ke ba shi kuɗin abinci kawai. Waɗannan ba su da kujera a kwamitin ɓangarori uku, kuma rahoton Geneva albashin masu albashi yake ƙirgawa. A Suame yanzu akwai matasan da ke jona kwamfuta a mota su gano cutarta cikin minti goma, abin da da sai an kwance inji. Aiki ya yi sauri ba shakka, amma na'urar da dala aka sayo ta, kayan gyaran ma haka.

A 2025 sidi ya ɗan farfaɗo, direbobi suka rage kuɗin mota da kashi 15 a watan Mayu, tsadar kaya ta sauko ƙasa da kashi 10 a Satumba. An ji sanyi. Sai dai saukar tsadar kaya ba saukar farashi ba ce, hawan ne ya rage gudu daga inda ya riga ya kai.

Da na koma karɓar rigata na zauna muka bi kuɗin ɗinki ɗaya bayan ɗaya, Kawu yana ƙirgawa da yatsu. Mai injin kwamfuta ya ɗauki nasa, shi ma bashin injin yake biya. Katin wuta ya ɗauki nasa. Mai shago ya nemi hayar shekara biyu a dunƙule, alhali dokar haya ta 1963 wata shida ta yarda. Zare da maɓalli daga Sin suke zuwa. Sannan tun da kowane tela a layin yana iya kai wuya Asawase, babu wanda ya isa ya tsuga kuɗi, mai kaya sai ya matsa shago na gaba. Rigar ta yi kyau, na juya ta ciki da waje ban ga zare ko ɗaya a sake ba. Ya faɗi kuɗinsa, ni kuma bakina ya riga ni, na ce, "Haba Kawu, ai inji ne ya yi, a rage mini mana." Ya dube ni ta saman tabarau, ya cire sidi ashirin.